Lasifikar da Ishaya Ya Kawo

Kafanchan, daren Lahadi

Yau Ishaya ya zo daga Abuja da wata lasifika mai tsada, zagayayya kamar tulu. Ya ajiye ta tsakiyar falo ya ce, "Mama, wannan ba ta da gaba ba ta da baya, ko'ina kika tsaya za ki ji daidai." So yake in ba coci akwatunan sauti biyu na marigayi babansa.

Ya saka waƙar kwayar mawaƙan coci da Baba ya jagoranta. Ina kicin ina tankaɗe acca, sai muryarsa ta biyo ni a hankali, kamar ya shigo neman ruwa. Na daɗe tsaye, rariya a hannu.

Da yamma na sa aka mayar da waƙar cikin akwatunan. Su sai a kujerar Baba ake jin daɗinsu, can ya saita su. Na zauna. Muryar ta tsaya wuri ɗaya, a gabana.

Ishaya ya ce, "Wacce kika zaɓa?"

Na ce ya koma da tasa. Tun rasuwar Baba ko'ina nake jinsa a gidan nan. Yau ne na samu inda zan kalla in yi masa magana.