Shekara Biyu Ko Huɗu, Ga Talatin Da Ɗaya Na Tafe

Anti Loretta, ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Shekarata ashirin da bakwai. Awon kaya nake yi a filin jirgin Bethel, nan Alaska: wasiƙu, madarar gwangwani, wani sa'in akwatin gawa. Ƙauyenmu ba hanyar mota, komai ta sama yake zuwa. Akwai rediyo kusa da sikelina, kullum ina jin wata mata a hasumiyar kula da jirage tana jera su cikin hazo, muryarta kwance kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Idan ta ba matuƙi izinin sauka, sai in ji bakina yana motsi tare da nata. Irin kujerarta nake so, har abin yana ba ni kunya.

An ɗauke ni karatun kula da zirga-zirgar jirage a Anchorage, ko difloma ta shekara biyu, ko digiri na shekara huɗu. Mamata digiri take so. Ba wanda ya taɓa yi a danginmu, har ta kafa ƙusa inda za ta rataya hotona na ranar kammalawa. Difloma, in ji ta, riga ce marar hannu. Ita kaɗai ta raine ni, kuma duk lokacin kamun kifi sai na koma taya ta yanka da shanya, don haka huɗun ma zai iya zama biyar. Ba na son in karya mata zuciya.

Mai sauraron hasumiya, Bethel

'Yar uwa,

Kin ba ni labarin ƙusa da na kifi, kin tsallake kalanda. Hukuma ba ta ɗaukar sabon ma'aikacin hasumiya idan ya cika talatin da ɗaya. Ki ɗora huɗu a kan shekarunki. Za ki sa hular digiri daidai lokacin da ake rufe miki ƙofa. Hoton dai zai yi kyau.

Mama tana da hujja. Horon yana kayar da mutane da yawa, kuma gwajin likita guda yana iya raba ki da aikin. Ranar nan digiri ne madogara. Sai dai digiri yana karɓar 'yar arba'in, hasumiya kuwa ba ta yi.

Ki yi diflomar. Kafin ki sa hannu, makarantar ta rubuta miki cewa za a lissafa darussan idan kika dawo ƙarasa digiri. Ki kuma nemi ganin matar nan; ita ma mutum ce, mai yiwuwa ƙafarta na ciwo kamar ta kowa, amma ta san hanya.

Abu ɗaya ba ki tambaya ba: ba lallai a tura ki Bethel ba. Kina iya tsintar kanki a Texas, kina saukar da jiragen da ba su ɗauko wasiƙar kowa naki ba. Ki faɗa wa Mama wannan ma, baki da baki, ba ta waya ba. Ina zargin ba diflomar take tsoro ba, tafiyarki ce.

Allah ya ba ki sa'a, ya ba ta haƙuri.

Loretta