Baba, Na Naɗe Mahaɗar Wayar da Hannuna

Zuwa ga mahaifina, Malam Adamu mai gyaran rediyo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima inda kake. Shekara biyu ke nan da rasuwarka, sai yau na iya riƙe biro da sunanka. Ko yanzun ma sau uku ina tashi ina leƙa sama, don hadari ya haɗu ta gabas.

Ka san ka bar duniya da burin aikin hajji. To bana Yaya Sani, da yake ya riga ya sauke nasa faralin, ya tafi ya yi maka. Tun da jirginsu ya tashi mahaifiyarmu Dada ta kafa kujerarta gaban talabijin, ta ce ko me za a yi sai ta ga tsayuwar Arfa, tunda tsayuwarka ce.

Saura kwana uku Arfa aka yi ruwa mai ƙarfi a unguwarku Jekadafari. Hoto ya fara kakkaryewa, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Dada ta kira ni ina cikin aji ina koyarwa. Na kasa ƙarasa darasin. Na kira masu gyara biyu, kowa ya ce yana tafe, babu wanda ya zo. Washegari na hau Keke Napep daga gidana a Federal Low-Cost, ban ko karya ba.

Jakarka tana nan rataye bayan ƙofa yadda ka bar ta. Filaya, reza, baƙin salatif, kwalbar basilin, da zirin robar cikin tayar keke da ka yanka da kanka. Na jingina tsani. Maƙwabcinmu Malam Buba ya fito ya ce, "Hauwa, matar aure a kan kwano? Ki bari a nemo wani." Na ce masa an nema. Sai ya zo ya riƙe min tsanin.

Abin da ka sha faɗa na tarar, Baba. Salatif ɗin da ka naɗa a bakin dish ɗin talabijin rana ta cinye shi, ya tsage. Na kwance kan wayar, ruwa ya ɗigo a tafin hannuna, ƙarfen ciki ya yi kore. Na yanke, na fere sabon wuri, na ɗaura, na naɗe da sauri na sauko. Hoto ya dawo. Na tafi gida ina jin kaina.

Kwana ɗaya ya yi. Aka sake ruwa, ya sake ɗaukewa, ga shi gobe Arfa.

Na dawo gidanku, na yi ta kai da kawowa a tsakar gida ina neman inda na yi kuskure. Sai na tuna ina 'yar shekara goma, kana kan tsani a gidan wani ma'aikaci a unguwar Madaki, ni ina ƙasa ina miƙo maka kaya. Kana aiki kana magana: "Daga ƙasa ake fara naɗi, Hauwa, a hau sama, kowane zagaye ya rufe rabin na ƙasansa, kamar yadda ake jera kwano. Kuma ki lanƙwasa wayar ta yi ciki kafin ta shiga, ruwan ya ɗiga a can." A lokacin hankalina na kan mai awara ne. Ban san na ji ba.

Ni kuwa daga sama na fara, na bar wa ruwa baki a buɗe.

Na sake hawa da hantsi. Na shanya kan wayar ya bushe sarai, na shafa basilin a bakin mahaɗar, na ja robar har ta yi siriri, na naɗa daga ƙasa. Na bi da salatif sau biyu. Na yi wa wayar ciki, na ɗaure ta a ƙarfe don kada iska ta ja ta. Da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye a ƙofar ɗaki, ido ɗaya a talabijin, ɗaya a sama. Hoton bai ɗauke ba.

Ranar Arfa Dada ta yi wanka, ta sa farin mayafinta, ta zauna tun safe da azumi a bakinta. Mutane fari fat, iyakar ganin ido. Na san ba za ta ga Yaya Sani a cikinsu ba, ita ma ta sani, amma ba ta ɗauke kai ba har suka fara sauka. Sannan ta share fuska, ta ce, "Yau babanku ya sha rana. Allah Ya karɓa masa."

Ni dai har yanzu hankalina bai kwanta ba. Ina ta lissafin abubuwan da ka faɗa ina kallon wani wuri, waɗanda ba za su dawo min ba, kuma babu wanda zan tambaya. Ka yafe min, Babana.

Allah Ya karɓi hajjinka, Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya makwancinka, Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Taka har kullum,
Hauwa'u