Ruwa a Cikin Injin Fijo

Litinin, 9 ga Agusta, 1976

Motata ta mutu a Bata da la'asar, ina dawowa daga asibiti. Ruwan sama ya cika hanya, amma ko gwiwa bai kai ba. Tasi biyu sun wuce a gabana lafiya lau. Ni ina shiga sai ta yi tari, ta tsaya cak. 'Yan dako ne suka turo ni har Fagge, ina riƙe da sitiyari cikin farar rigar aiki, mutane na kallo. Yaya Hambali, wan mijina, na zaune a zaure. Bai ce mini sannu ba. Ya tashi ya buɗe bonet, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce kada in kuskura in tada ita.

Talata, 10 ga Agusta

Na tada ita. Mata masu naƙuda ba za su jira ni ba. Wata ƙara ta yi kamar an buga taɓarya a kan ƙarfe, daga nan shiru.

Alhamis, 12 ga Agusta

An ja ta zuwa garejin Nwabueze a Sabon Gari. Ya kwance fulogi a gabana, ruwa ya fito daga cikin injin, ruwa sosai, ja, har da yashi. Ya ce injin ya buga. Wai wanda ya sayar mini da ita ya sauya bututun da ke shaƙar iska, ya sauko da bakinsa ƙasa bayan bamba don ta sha iska mai sanyi ta ƙara gudu, shi ne ta zuƙi ruwan hanya. Ya nuna mini bututun. Na gani, amma ni me na sani? Ko igiyar guga ya nuna mini ya ce ita ce, haka zan gyaɗa kai.

Abin da na sani: mutum ɗaya ne ya buɗe bonet ɗin nan. Shekara ashirin yana tuƙin babbar mota, ya san inda ake zuba abu. Kuma shi ne, ranar da na kawo ta gida, ya ce wa Gwaggo, uwar mijina, wai matar ƙaninsa ba za ta riƙa yawo da mota a Fagge ba kamar ba ta da mafaɗi.

To amma a Bata ta fara mutuwa, kafin ya taɓa ta. Sai dai in tun da safe ya zuba mata wani abu, kafin in fita.

Asabar, 14 ga Agusta

Wa ya zaɓi garejin Nwabueze? Shi. Yau na tuna.

Lahadi, 15 ga Agusta

Na so in rubuta wa mijina Abdulmuminu a Zariya, na fasa. Yana tsakiyar jarrabawar kwas ɗinsa, kuma in na ce ina zargin wansa, ban san gefen da zai tsaya ba. Wannan ya fi motar damuna.

Na ɗan taɓa wa Gwaggo zancen muna tsinke zogale. Ta ce Hambali bakinsa ne kawai da kaushi. Ɗanta ne, me za ta ce.

Laraba, 18 ga Agusta

Magret, wadda muke aiki a ɗakin haihuwa tare, a Sabon Gari take. Ta ce kullum in za ta fito aiki tana ganin wani dattijo mai jar dara zaune kan benci a garejin, kusa da motata, shi da Nwabueze kai a haɗe. Jar dara, hular Yaya Hambali! Shi ya sa ba ya zaure da hantsi kwanakin nan. A gida ya ce kasuwar Kwari yake zuwa.

Ban ci tuwon dare ba.

Asabar, 21 ga Agusta

Na je ba sanarwa. Na sauka a tasi nesa kaɗan, na bi ta bayan masu walda. Yana nan. Ya tuɓe babbar riga ya rataye, hannunsa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, suna gardama. Ya ɗaga wani ƙarfe yana cewa wannan tsoho ne aka wanke da fetur, ba za a sa shi a motar nan ba, a je a kawo sabo a kwalinsa. Nwabueze na rantsuwa sabo ne.

Da ya gan ni sai ya ɗaure fuska. Ya ce me ya kawo mace gareji. Na ce motata.

Nwabueze ya yi dariya, ya ce, "Madam, ki zo ki ɗauke mini Baban nan. Ya hana ni taɓa motar kowa. Bututun ma da hannunsa ya mayar sama, wai bai yarda da aikina ba."

Yaya Hambali ya ce masa ya yi aikinsa ya bar surutu.

A hanya na yi ta juya abin. Mai yiwuwa don ya ɓatar da sawu ne. Mai yiwuwa.

Litinin, 23 ga Agusta

Wata tasi ta mutu a daidai wurin nan na Bata, a ruwan da bai kai nawa ba. Direban asibitinmu ya ce duk masu sauko da bututu haka suke ƙarewa da damina. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Laraba, 25 ga Agusta

Mota ta dawo. Muryarta ta sauya, ta yi laushi.

Da safe ina goge gilashi sai ga Yaya Hambali da sabuwar riga. Wai zai je ta'aziyya Kwaciri, kuma ƙafarsa na ciwo. Bai roƙa ba, tsayawa kawai ya yi a jikin ƙofa. Na buɗe masa baya, ya zagayo ya shiga gaba.

Duk hanya faɗa yake. Ina sakin kuloci da wuri, ina matse wa masu keke. Da muka iso wani kududdufi ya ce, "Ma'u, tsaya. Bari wancan ya fara shiga, ki ga inda ruwan ya kai a tayarsa." Na tsaya. Muka bi ta gefe a hankali.

A ƙofar gidan makokin maza cike da tabarmi, duk suka juyo. Na zaci zai ce in sauke shi daga nesa. Sai da na kai shi bakin tabarma ya fita, ya ce in dawo ɗaukarsa bayan azahar.

Har yanzu ban ce na san duk abin da ya faru ranar da motar ta mutu ba. Na dai saya masa goro a hanyar komawa, fari, irin wanda yake so.