Ƙorafi Kan Warkewar Marigayi Idrisa Mahauci

Zuwa ga: Mai Girma Babban Likita, Garwa
Daga: Hindu, matar marigayi Idrisa mahauci, Jambutu
Ranar 12 ga Maris, 1979

Game da: sanya mijina cikin waɗanda suka warke

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ladabi, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. A watan Oktoban bara mijina ya je asibitin unguwa da fitsarin jini. Aka shaida masa ana gwajin ƙwaya iri biyu, fara da rawaya, don a san wadda ta fi. Rawaya ta faɗo kansa. Aka huda masa kati, aka ce Yawunde za a aika, inda akwai na'urar lissafi wadda ba ta kuskure.

2. Da ya fara sha, amai ya kama shi, hannunsa ya soma rawa har riƙon wuƙa ya gagare shi a mayanka. Daga baya ya daina gane 'ya'yansa. Na je na faɗa. Infirmiye, wato ma'aikacin jinya, Musye Léon, ya ce katin ba shi da gurbin bayanin matar aure. Allah Ya karɓi ran Idrisa ranar 3 ga Nuwamba. Ban ce ƙwayar ce ta kashe shi ba, ni ba likita ba ce.

3. Makon jiya Musye Léon ya zo ƙofar gidanmu a kan ƙaramin babur ɗinsa mobilet, yana neman marigayin don a ɗauke shi hoto tare da waɗanda suka sami lafiya. Ya fahimtar da ni cewa a ƙa'idar binciken, duk wanda bai dawo da kuka ba ya warke. Gaskiya ne, mijina bai dawo ba, kuma bai sake kuka ba.

4. Na ji rawaya ce ta yi nasara, ita za a raba wa 'yan makaranta. Ɗana Isa yana aji uku, shi ma yana fitsarin jini.

Saboda haka ina roƙon a gyara katin mijina, a kuma bi gidajen duk waɗanda ba su dawo ba, a ƙirga su da ido kafin a ba yara ƙwayar. In kuwa na'urar ta tsaya a kan cewa ya warke, ina roƙon ofishinka ya umarce shi ya dawo gida, yaransa na tambaya.

Allah Ya ja zamaninka.

Mai biyayya,
Hindu matar Idrisa
(dangwalen yatsa)