Koren Maɓallin Yaya Ari

Zuwa ga yayana Ari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Inna tana nan da ƙarfin hali, shagonmu na buga takardu kuma yana buɗe a bakin kasuwar Gure. Ni ce dai ba ni da daɗi.

Ka tuna farkon zamana gaban ordinatar, wato kwamfutar shagon, yadda nake cinye safiya ina neman fishiyen, wato fayil ɗin aikin, da na rufe jiya? Ka ce, "Falmata, ke ko akuya aka ba ki sai kin manta turkenta." Ka yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule cikin manhajar lissafin nan mai gida-gida har ka dasa koren maɓalli a sama. Dannawa ɗaya, sai fishiye goma da aka buɗe a baya-bayan nan su jeru da kansu. In sabo ya hau sama, na ƙasa ya faɗi.

Kai kuwa ba ka taɓa riƙe sunan mai kawo aiki ba. "Mai jan rawani na Kelle." "Tsohon Bune mai gardama." Haka kake raɗa wa fishiye suna, ni ke shan kunya in mai aikin ya leƙo.

Duk aikinka yana cikin kilen nan, 'yar ma'ajiyar fishiye da ake soka wa ordinatar, da ke aljihunka ranar da motar Damagaram ta kife da ku. Ba a ga kilen ba. Sunayen ne kaɗai suka rage a jerin, in na danna ordinatar ta ce babu.

Bayan sadakar arba'in na koma aiki kamar makauniya, ina ta buɗe sababbi. Kafin in farga na ture naka tara da hannuna. Ɗaya ya rage can ƙasa: "Falmata ci abinci kafin ki buɗe." Lissafin rigakafin dabbobi ne ka bar mini in ƙarasa, na sani, amma duk shagon nan shi kaɗai ke magana da muryarka.

Daga nan na daina buɗe sabo. Sai in goge tsohon aiki in buga wani a kansa. Wani makiyayi ya dawo neman jerin garkensa, ya tarar na goge shi, bai sake zuwa ba. An ce in ɗauki hoton jerin a waya. Na ɗauka, Yaya, sai dai hoto ba ya amsawa in an danna. Gyaran maɓallin kuwa, kai kaɗai ka san abin da ka rubuta a bayansa.

Yau daraktan lakwal, wato shugaban makarantar Gidigir, ya zo da nasa fishiyen cikin nasa kile, sunayen ɗalibai yake so a gyara. Babu wata dabara sai a buɗe. Na ce kuran ne, wutar lantarki, ke wasa, ya ce zai jira, ya zauna a kujerarka. Tukunyar Inna daga shagon nan take tafasa, ka fi ni sani.

Na buɗe.

Da ya tafi na danna koren maɓallin. Goma cif, babu naka ko ɗaya. Ya yi aikinsa daidai yadda ka koya masa, ban ma sami wanda zan yi wa fushi ba. Na gaji, Yaya, kuma ban ga ranar da gajiyar za ta sake ni ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ni haƙurin da har yau ban samu ba.

Ƙanwarka,
Falmata