Tunkiyar da Ba Ta Tari

Laurel, 4 ga Afrilu

Kawu Ilu,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, kai da garken tumakinka.

Na san daga nan zuwa gonarka a bayan Germantown tafiya ce kaɗan, amma idan na zauna a gabanka bakina ba zai iya faɗin wannan magana ba, shi ya sa na rubuto.

Ranar Asabar ka ce za ka aika wa Baba Abdulhamid tunkiyarka Kyalla zuwa jihar Colorado, habbanaye, wato aro, ta haifa masa 'ya'ya sannan ta dawo. Ka ce filinsa yana gindin dutse, har ragunan dutse masu manyan ƙaho suna saukowa bakin shingensa. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba.

A ofishin da na fara aiki a Southwest Washington, rahotannin waɗannan ragunan nake karantawa. Akwai ƙwayar cuta mai suna Mycoplasma ovipneumoniae. Tumakin gida da yawa suna ɗauke da ita a hanci ba tare da sun nuna wata alama ba. Idan ta gida da ta dutse suka shinshini juna, ƙwayar tana iya tsallakawa, na dutsen su kamu da ciwon huhu. Manya suna mutuwa, kuma 'ya'yan da ake haifa suna ci gaba da mutuwa shekara da shekaru.

Ban ce Kyalla tana da ita ba. Ban sani ba. Roƙona kawai a gwada ta kafin ta hau mota.

Allah Ya ƙara girma.
'Yarka, Tayyiba

Germantown, 11 ga Afrilu

Likita Tayyiba,

Na amsa gaisuwa. Sunan cutar taki na karanta har harshena ya gaji.

Ke da nake ɗorawa a kafaɗa a Dakoro ki leƙa rijiya, ke ce yau za ki gaya mini tunkiya mai ciwo? Kyalla ba ta taɓa tari ba. Hancinta a bushe, tana cin dusa kamar mai gasa.

Abin da lakwal ɗinku na boko bai koya miki ba shi ne wannan. Shekarar da fari ya share garken mahaifinmu, ni da uwarki muna yara, mahaifin Abdulhamid ne ya jawo tunkiya da igiya ya ɗaure a turkenmu, ya juya. Daga cikinta muka sake tashi. Nonon da uwarki ta sha, na jikokin tunkiyar nan ne. Yau Abdulhamid ya rasa matarsa, yana zaune shi kaɗai yana kallon dutse, ya ce mini kukan tunkiya yake marmarin ji da asuba. Na riga na ce masa tana zuwa. Da wane baki zan koma in ce a'a?

Amma don ki samu barci, na kira likitar dabbobi, Tracy. Ta zura wa Kyalla auduga a hanci ta tafi da ita. In sakamako ya fito zan aiko miki, ki ji kunya.

Allah Ya yi miki albarka.
Kawunki

Laurel, 26 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa.

Takardar Tracy ta iso, ba ka haɗo da ko layi ɗaya naka ba. Na kira ba ka ɗauka ba. Wallahi na so a ce ni ce na ji kunyar.

Zan faɗi abin da takardar ta ce, ba ƙari. Ƙwayar tana hancin Kyalla. Wannan ba ya nufin za ta yi rashin lafiya, tana iya tsufa a haka lafiya lau. Ba kuma a da tabbacin magani zai raba ta da ita. Ba zan iya rantsewa cewa wani ragon dutse zai zo ya shinshine ta ba, amma kai ka ce suna zuwa bakin shingen.

A jirgin ƙasa da safe ina ta tuna rumfar gidanmu a Dakoro, kana gyara igiya kana ba ni labarin zuwanka duwatsun Ayar da raƙuma kana saurayi. Ka ce ka ga ragon dutse tsaye a kan tsauni, gemunsa har ƙirji, ka manta da ƙishirwa. Ka ce da ka koma bayan shekaru sai sawu kawai ka gani. Waɗancan wani iri ne daban da na Colorado, kuma ban ce cuta ce ta rage su ba. Amma saboda labarin nan naka na karanta abin da na karanta, Kawu. Ban taɓa gaya maka ba.

Ban raina alkawarinka ba. Ban san yadda za a cika shi ba ne.

Idan ba ka son ganina ranar Asabar, zan haƙura.

'Yarka, Tayyiba

Germantown, 3 ga Mayu

Tayyiba,

Na kira Abdulhamid na karanta masa takardarki. Ya ce bana ya ga 'yan ƙananan ragunan dutse a bayan iyayensu a kan dutsen, ba ya son ya ji tarinsu.

Kyalla tasa ce daga yau, amma a turkena za ta zauna. Kullum da asuba nakan kira shi in kara mata waya ta yi masa kuka. Abin da ta haifa, in ya girma, kilishi zan yi in aika masa.

Kilishi dai ba ya tari, ko? Ki bincika mini sosai, ki kawo amsar da bakinki ranar Asabar. Zan dama fura.

Kawunki