Dutsen Saifa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙafar taka? Umma na gaishe ku. Ni jikina ƙalau, raina ne a ɓace, kuma kai ka ɓata shi.

Jiya aka yi gwajin gudun shiga aikin kashe gobara, kilomita uku cikin minti goma sha biyar. Ka san bana ce damata ta ƙarshe, baɗi shekaruna sun haura. Da na kawo maka kukan sukar nan ta gefen ciki, wadda marigayi Baba ke kira saifa, ka ce maganinta na gidanmu ne: in tsaya, in ɗaga dutse, in tofa yawu a ƙarƙashinsa, in mayar. Ka kuma sa Umma ta cika min ciki kafin in fita, wai kada in faɗi.

A zagaye na biyar saifar ta soke ni ƙarƙashin haƙarƙarin dama kamar ƙusa. Ina na uku fa, Yaya! Na tsaya. Filin a share yake tas, ko tsakuwa babu. Sai da na je gindin shinge na samo dutse, na durƙusa ina tofe-tofe, mutane na wuce ni, mai riƙe da agogo na dariya har da riƙe ciki. Sukar ko gezau. Daƙiƙa tara na makara.

An ce waɗanda ba su haura daƙiƙa goma ba su dawo bayan mako biyu. Don Allah kada ka sake aiko min da wata shawara.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan zazzaɓin ƙaramarku ya sauka. Ƙafarka kuwa ba zan tambaya ba.

Na ci gwajin. Malamar asibitin da ke duba masu gudu ce ta tausaya min. Ta ce in bar ci awa biyu kafin gudu, ruwa kurɓi-kurɓi. In sukar ta zo kada in tsaya, in sassauta, in danna wurin da yatsu, in riƙa fitar da numfashi a hankali har ƙarshe. Sukar ta zo, na yi hakan, kafin zagaye ɗaya ta sake ni.

Amma ba murna ce ta sa na ɗauki biro ba. Ina ba Umma labari bakinta ya suɓuce, ta ce ai kai ma a gindin shingen nan ka bar naka aikin. Shekara goma sha ɗaya kana ce mana targaɗe ka yi ranar gwajinka, har ɗingishi kake mana in damina ta faɗi! Ashe dutse ka tsaya nema. Ka san bai yi maka aiki ba, amma ka gwammace in faɗi yadda ka faɗi da ka buɗe baki ka ce Baba ya yi kuskure. Wallahi wannan ya fi sukar ciwo, don ni duk abin da ka ce ban taɓa aunawa ba.

Ranar Litinin zan karɓi kaki. Ina so ka zo, ka kuma shigo filin da ƙafafunka biyu daidai. Abin da ka ji da nauyi a ambulan ɗin nan dutsen ne. Na wanke shi.

Ka gaida Anti.
Auta